Dasa Wayar Lantarki a Ƙwaƙwalwa Don Tsayar da Karkarwar Hannu: Tambayoyi da Amsoshi

Wanda ya taɓa kallon irin bidiyon nan ba ya saurin mantawa. Ga dattijo a zaune, an miƙa masa kofin ruwa, kafin ya kai baki rabi ya zube masa a riga. Likita ya latsa wani abu a allon da ke hannunsa, cikin 'yan daƙiƙoƙi hannun ya lafa kamar an yi ruwa an ɗauke. Babu siddabaru a ciki, abin da aka nuna haka yake faruwa. Sai dai bidiyon na minti ɗaya ne, shi kuwa dattijon da wannan na'ura zai ƙarasa rayuwarsa. Yawancin amsoshin da ke ƙasa a kan wannan doguwar zaman suke, da abubuwan da masu bincike ke ta fama da su har yau.

Wace irin karkarwa ake nufi?

Wadda likitoci ke gajarta sunanta da ET. A nan za mu kira ta karkarwa mai zaman kanta, domin ba wata cutar ce ke jawo ta ba, ita kanta ce cutar. Tana cikin cututtukan motsin jiki da suka fi yawa a duniya: kusan mutum 1 cikin 100, kuma idan aka ɗauki waɗanda suka kai shekara 65 zuwa sama, adadin yana kaiwa wajen 4 zuwa 5 cikin 100.

Halinta shi ne ta jira sai mutum ya sa hannu zai yi wani abu. Hannu na kan cinya, lafiya lau. Da ya ɗauki cokali, ko zai sa makulli a ƙofa, ko zai ɓalle maɓallin riga, sai rawa ta tashi, sau 4 zuwa 12 a kowace daƙiƙa. Takan kama kai, mutum ya riƙa girgiza shi kamar mai cewa a'a, wani lokaci har murya. A ƙa'idar da ƙungiyar likitocin cututtukan motsi ta duniya ta fitar a 2018, sai karkarwar ta kama hannu biyu kuma ta shekara 3 aƙalla kafin a laƙaba mata wannan suna.

Kafin a kai nan, likita zai kawar da wasu dalilan tukuna: yawan aikin tayirod (wata gaɓa a maƙogwaro da ke saita ƙarfin aikin jiki), maganin shaƙa na asma irin su salbutamol, wasu magungunan farfaɗiya da na taɓin hankali irin su valproate da lithium, da yawan shan abubuwa masu sinadarin kafeyin irin su gahawa da shayi. Duk suna sa hannu rawa, kuma babu wanda ake buɗe wa kai saboda su.

Ashe ba cutar Parkinson ba ce?

A'a, ko da yake ana yawan rikita su. Mai Parkinson hannunsa ya fi rawa lokacin da yake ajiye, ga sanyin motsi da sanƙarewar gaɓoɓi, rubutunsa kuma yana ƙanƙancewa. Mai karkarwa mai zaman kanta rubutunsa manya ne masu zigizaga, kuma jikinsa bai sanƙare ba. Na'ura iri ɗaya ake dasa wa duka biyun, amma galibi ba wuri ɗaya ake kai wayar ba.

Daga ina rawar ke tasowa, tunda hannun lafiyarsa ƙalau?

Daga wata da'ira a cikin ƙwaƙwalwa. Ƙaramar ƙwaƙwalwar da ke ƙeya, wadda aikinta saita motsi, tana aika saƙo zuwa wata mahaɗa da ke can tsakiyar kai mai suna talamus. Talamus ta miƙa wa ɓawon ƙwaƙwalwa na sama wanda ke ba tsoka umarni, daga nan labari ya sake komawa ƙeya. A jikin mai wannan cuta ƙwayoyin da ke kan wannan da'ira sukan ɗauki bugu ɗaya su riƙa yi tare. Wanda ya taɓa kusantar da makirfo bakin lasifika ya ji ƙarar nan mai huda kunne ya san irin abin: sauti na zagayawa yana ciyar da kansa.

A kan me ke kunna wannan zagaye kuwa, masana suna ja-in-ja. Elan Louis da abokan aikinsa a Amurka sun duba ƙwaƙwalen mamatan da suka yi fama da cutar, suka ba da rahoton raguwa da lalacewar wasu manyan ƙwayoyi na ƙaramar ƙwaƙwalwa da ake kira ƙwayoyin Purkinje. Wasu masu binciken a Kanada sun yi nasu duban ba su ga wannan raguwar ba. Ga mai tiyata wannan gardama ba ta hana aiki, domin ko ina matsalar ta faro, ta talamus take bi ta wuce, kuma a nan ake tare ta.

Me ake dasawa takamaimai?

Abu uku. Siririyar waya mai kaurin kimanin milimita 1.3 da ake zurawa cikin ƙwaƙwalwa, a bakinta akwai 'yan ƙarafa huɗu ko takwas da lantarki ke fita ta cikinsu. Sai ƙaramin akwatin batir da ake binnewa ƙarƙashin fatar ƙirji, ƙasa da ƙashin wuya, mai kama da na'urar daidaita bugun zuciya. Sai wata wayar da ke haɗa su, wadda ke bi ta ƙarƙashin fata, ta bayan kunne ta gangara wuya. Babu abin da ke leƙowa waje. Wannan tsari shi ake kira DBS a taƙaice.

Akwatin yana harba ɗan lantarki sau 130 zuwa 185 a daƙiƙa, kowane bugu bai kai kashi ɗaya cikin dubu na daƙiƙa ba. Wurin da aka saba kai wayar wani ɗan yanki ne na talamus da ake kira Vim, faɗinsa 'yan milimitoci ne kawai. Ɓangaren hagu na ƙwaƙwalwa ke juya hannun dama, don haka mai son a tsayar masa da hannun dama a hagu za a huda.

Wa ya fara wannan tunani?

Tun shekarun 1950 likitocin tiyata suka san cewa idan aka ƙona ɗan wuri a talamus, karkarwa na tsayawa. Abin ya yiwu ne saboda wani firam na ƙarfe da ake ɗaurawa a kai don auna ciki da lissafi, wanda Ernest Spiegel da Henry Wycis suka fara gwadawa a kan mutane a 1947 a Amurka. Matsalar ƙuna ita ce ba a janye ta. Kuma idan aka ƙona ɓangare biyu, mutane da yawa sukan fito da harɗewar magana da ba ta warwarewa.

Kafin su ƙona, likitoci sukan ɗan tsokani wurin da lantarki don su tabbatar sun isa inda suke nema. A 1987, a birnin Grenoble na Faransa, likitan tiyata Alim-Louis Benabid, wanda ke aiki tare da Pierre Pollak, ya lura cewa in ya ɗaga saurin bugun ya wuce 100 a daƙiƙa, hannun majiyyaci na tsayawa cak, in ya kashe kuma rawar ta dawo. Sai ya ce to me zai sa a ƙona? A bar wayar a ciki mana. Ba shi ne farkon wanda ya bar waya a ƙwaƙwalwar mutum ba, Natalia Bekhtereva ta yi irin wannan a Leningrad tun shekarun 1960, amma aikin Grenoble ne ya mayar da abin magani mai tsari. Hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka, FDA, ta amince da shi don karkarwa a 1997, shekara biyar kafin ta amince da shi don sauran alamomin Parkinson. Wato da karkarwa aka buɗe ƙofar. Benabid ya karɓi lambar yabo ta Lasker ta binciken likitanci a 2014 tare da Mahlon DeLong, likitan ƙwaƙwalwa ɗan Amurka. Zuwa yanzu waɗanda aka dasa wa irin wannan na'ura a duniya, in an haɗa dukkan cututtuka, sun haura 200,000.

Gwajin da ya raba gardama tsakanin ƙuna da waya an yi shi a Amsterdam, aka wallafa a 2000. Mutum 68 aka raba gida biyu. Duka hanyoyin sun tsayar da karkarwa kusan daidai, amma waɗanda aka dasa wa waya sun fi samun sauƙin harkokin yau da kullum kuma illolin da suka biyo baya sun fi ƙaranci. Wajibi ne a faɗi sauran labarin: mutum ɗaya a rukunin waya ya rasu sakamakon zubar jini a ƙwaƙwalwa.

Ina shan magani amma bai yi min ba sosai. In nemi tiyata ke nan?

A bi a hankali. Magunguna biyu ne a sahun gaba, propranolol da primidone. Na farko ba ya dacewa da mai asma ko mai sanyin bugun zuciya. Na biyu yakan sa jiri da tashin zuciya a kwanakin farko, mutane da yawa su watsar da shi tun bai fara aiki ba, alhali da an fara da ɗan kaɗan ana ƙarawa da wataƙila ya karɓe su. Bayansu akwai topiramate da gabapentin. Duk da haka, tsakanin kashi ɗaya cikin uku zuwa rabin masu cutar ba sa samun biyan bukata daga ƙwayoyi.

Ma'aunin da ya kamata a duba shi ne abin da karkarwar ta raba ka da shi. In ka gwada aƙalla manyan magungunan biyu yadda ya kamata, kuma har yanzu ba ka iya ci da sha ba tare da taimako ba, ko sa hannu a takarda ya gagara, ko sana'arka ta kufce, to lokacin magana da likitan ƙwaƙwalwa wanda ya ƙware a cututtukan motsi ya yi. Akwai mutanen da suka daina cin abinci a gaban jama'a shekara da shekaru saboda kunya, kuma ba su taɓa gaya wa likita ba. Wannan ma a sa shi a lissafi.

Da yawa daga masu cutar suna lura cewa barasa na kwantar da karkarwar na ɗan lokaci. Likitoci kan yi tambayar ne saboda tana taimaka musu gane cutar. Ba magani ba ce, rawar na dawowa da ƙarfi bayan 'yan sa'o'i.

Da gaske mutum idonsa biyu ake yi masa aikin?

Sau da yawa haka ne, kuma abin bai kai yadda ake tsoro ba. Ita ƙwaƙwalwa ba ta jin zafi. Fatar kai ake kashewa da allura, a ɗaura firam, a ɗauki hoto, a huda rami mai faɗin wajen milimita 14 a ƙoƙon kai. Abin da majiyyata suka fi ƙorafi a kai shi ne ƙarar injin huda da daɗewa a kwance wuri ɗaya.

Dalilin barin mutum a farke shi ne Vim ba ya fitowa sarai a hoton MRI na yau da kullum, wato hoton cikin jiki da ake ɗauka da injin maganaɗisu, don haka hannun majiyyaci shi ne alƙali. Ana zura waya, a ce masa ya miƙa hannu, ya taɓa hancinsa, ya kai kofi baki. A ba shi allo da alƙalami ya zana layi mai naɗewa kamar bayan dodon koɗi. Zanen farko ya fito kamar haƙoran zarto. A kunna lantarki, ya sake zanawa, layi ya tafi sumul. Sai a ci gaba da ƙara ƙarfi da gangan har sai illa ta bayyana: "Kana jin wani abu a leɓe ko a yatsu? Ƙirga min daga ɗaya zuwa goma." In harshe ya yi nauyi tun lantarki bai yi ƙarfi ba, an kusanci hanyar da bai kamata ba, sai a janye a matsa milimita ɗaya ko biyu. Roger Frisch, mai kaɗa gogen Turawa a ƙungiyar makaɗa ta Minnesota, da kayan kiɗansa ya shiga ɗakin tiyata a asibitin Mayo. Suka liƙa na'urar auna motsi a sandar gogen, yana kaɗawa suna duba allo, domin tasa karkarwar ƙarama ce ƙwarai, a kiɗan kawai take yi masa ɓarna.

Yanzu asibitoci da dama suna yin aikin mutum yana barci, su dogara da hoto. Akwatin batir kuwa a barci ake sa shi, ko a ranar ko bayan wasu kwanaki.

Daga tashi daga tiyata shi ke nan an warke?

Nan mutane suka fi ruɗuwa. Shigar wayar kaɗai takan ɗan kumbura wurin, karkarwa ta ɗauke na kwanaki ko makonni tun ba a kunna komai ba. Iyali su yi ta murna, sai kuma rawa ta dawo, hankali ya tashi. Ba lalacewa aikin ya yi ba, kumburin ne ya saɓe. Shi ya sa galibi ake jira mako biyu zuwa huɗu kafin a kunna.

Daga nan sai zaman saiti. Likita ya gwada ƙarafan bakin wayar ɗaya bayan ɗaya, ya rubuta inda rawa ke tsayawa da inda illa ke farawa. Zaman farko yakan ci sa'a ɗaya ko biyu, kuma akan koma sau da dama cikin watannin farko. Wanda ke neman sha yanzu magani yanzu zai sha mamaki. A ganina, wanda zai riƙa yi maka saiti shekara da shekaru bai gaza wanda zai riƙe wuƙa muhimmanci ba, amma kusan kowa sunan likitan tiyata kaɗai yake tambaya.

Nawa karkarwar ke raguwa?

A yawancin rahotanni, rawar hannun da aka yi wa aiki tana raguwa da kashi 60 zuwa 90 cikin 100 a shekarar farko. Kai da murya ba su cika jin magana kamar hannu ba, kuma sun fi lafawa in an yi ɓangare biyu. Cutar tana nan daram: a kashe na'ura, cikin daƙiƙoƙi ko mintuna hannu ya koma gidan jiya.

Mene ne haɗarin?

Mafi muni shi ne zubar jini a ƙwaƙwalwa lokacin zura waya, wanda ke faruwa ga wajen mutum 1 zuwa 2 cikin 100. Wani ba ya barin alama, wani yakan zama shanyewar ɓarin jiki, kuma jefi-jefi yakan yi kisa. Sai shigar ƙwayoyin cuta, galibi a wurin akwatin batir, ga mutum kaɗan cikin 100. In abin ya yi tsanani sai an cire kayan, a sha magani, a sake dasawa daga baya. Waya na iya karyewa ko ta goce.

Akwai kuma illolin lantarkin kansa: jin kamar kiyashi na yawo a leɓe ko yatsu, nauyin harshe, tangaɗi wajen tafiya, wani lokaci har canjin ɗanɗano. Waɗannan suna raguwa in an rage ƙarfi, amma rage ƙarfi na nufin a bar wa karkarwa ɗan fili. Saboda wannan cinikin ake ba wasu saiti biyu a rimot ɗinsu, mai ƙarfi na lokacin cin abinci da rubutu, mai sauƙi na lokacin hira.

A yi hannu ɗaya ko duka biyu?

Da yawa suna farawa da hannun da suka fi aiki da shi, kuma ya ishe su. Yin biyu ya fi tsayar da rawar kai da murya, amma harɗewar magana da tangaɗi sun fi yawa. Ana iya yin ɗaya yanzu, a duba na biyun bayan watanni.

An ce bayan wasu shekaru na'urar tana daina aiki. Haka ne?

Daina aiki kwata-kwata ba kasafai ba, amma raguwar tasiri gaskiya ce, kuma ita ce babbar ƙayar da ta maƙale wa masu wannan fanni. Binciken da ya bi majiyyata shekara biyar zuwa goma ya nuna yawancinsu har lokacin sun fi samun sauƙi da na'ura a kunne fiye da a kashe, sai dai ba kamar shekarar farko ba.

Dalilai uku ake kawowa, kuma sukan cakuɗe a jikin mutum ɗaya. Na farko, cutar da ma tana ci gaba a hankali, da waya ko babu. Na biyu, ƙwaƙwalwa na sabawa da bugun, kamar yadda kunne ke daina jin ƙarar fanka. Na uku, tun farko wayar ba ta faɗa daidai ba, kumburin farko ne ya rufe asiri. Bambance su na da amfani domin kowanne da nasa gyaran. In sabo ne, akan shawarci mutum ya riƙa kashe na'ura da dare, tunda da ma karkarwar na tsayawa in an yi barci, ko a riƙa sauya saiti lokaci zuwa lokaci. In wurin ne bai yi ba, ƙarin lantarki ba zai gyara ba, sai dai a sake aiki.

Tarkon da ake faɗawa shi ne duk zuwa asibiti a ƙara ƙarfi. Akwai matakin da lantarkin da kansa yake fara haifar da rashin saitin hannu da tangaɗi mai kama da tsanantar cutar, sai a ƙara kuma, abu ya daɗa dagulewa. Wasu majiyyatan sai da aka kashe musu na'ura na 'yan kwanaki a ƙarƙashin kulawa sannan tafiyarsu ta gyaru.

To ina bincike ya dosa yanzu?

Tambaya ta farko da ake bi ita ce ta wuri. Vim aka gada daga zamanin ƙuna, amma likitoci sun lura cewa sau da yawa ƙarfen da ya fi aiki shi ne na can ƙasa, wanda ya zarce talamus ya shiga wani yanki da ake kira PSA. A nan zaruruwan jijiya da suka taso daga ƙaramar ƙwaƙwalwa suke matsewa wuri ɗaya kafin su bazu cikin talamus, kamar kogi a inda ya ƙuntata. Patric Blomstedt a Umeå ta Suwidin ya daɗe yana kai wayarsa wannan yanki. A wani gwaji a Cologne ta Jamus da aka wallafa a 2018, an sa waya ɗaya ta ratsa wuraren biyu a jikin mutum 13, ana kunna nan a kunna can ba tare da majiyyaci ya san wanne ba ne. PSA bai gaza Vim ba, kuma da lantarki kaɗan ya yi aikin. Wani gwajin a Oslo da ya fito a 2022 shi ma PSA ya fifita wajen rawar hannu. Gwaje-gwajen ƙanana ne, wannan a riƙe shi. Daga nan tunani ya fara komawa cewa hanyar jijiyar ce abin nema, ko a ina aka same ta. Volker Coenen a Jamus na cikin waɗanda suka fara amfani da wani nau'in hoton MRI da ke zana wannan hanya a kan kowane mutum, maimakon a dogara da taswirar da aka auna daga ƙwaƙwalen wasu.

Ta biyu ita ce ta alkibla. Tsoffin wayoyi zobba ne a bakinsu, lantarki na fita ta ko'ina kamar fitilar ƙwai. Sababbi an tsaga zobban tsakiya gida uku-uku, ana iya haska gefe ɗaya kamar tocila, a kauce wa hanyar magana. Na kamfanin Abbott sun samu amincewa a Amurka a 2016, sauran kamfanoni ma suna da nasu. Sun faɗaɗa tazarar da ke tsakanin ƙarfin da ke tsayar da rawa da wanda ke kawo illa, amma zaman saiti ya ƙara tsawo.

Ta uku, wadda ta fi ɗaukar hankali, ita ce ta lokaci. Karkarwar nan sai an motsa take zuwa, to me ya sa na'ura za ta yini tana bugu? A Jami'ar Florida an sa wa mutum 3 ƙarin abin sauraro a saman ƙwaƙwalwa, inda ake shirya motsin hannu. Da ya ji mutum zai motsa, sai ya kunna wayar talamus, in hannu ya huta ya kashe. Sakamakon da suka wallafa a 2020 ya nuna an tsayar da rawa kamar na kullum-a-kunne, da ƙarancin cin batir. A Oxford kuma, Hayriye Cagnan da Peter Brown sun gwada ɗaura na'urar auna motsi a hannu, ana sakin bugu a daidai wata gaɓa ta kowace kaɗawa, kamar mai tare lilo a lokacin da zai rage masa gudu. Fatan shi ne in bugu ya ragu, sabo da illa su ragu. Na'urar Percept ta kamfanin Medtronic, wadda ta fito a 2020, tana iya sauraron ƙwaƙwalwa, kuma a farkon 2025 FDA ta amince da saiti mai daidaita kansa, amma don masu Parkinson. Ga masu karkarwa mai zaman kanta abin yana matakin gwaji.

Na ji akwai hanyar da ba a yanka. Ba ta fi ba?

Akwai. Ana aske kai, a sa mutum cikin injin MRI da wata hula mai harba igiyoyin sauti fiye da 1,000, su haɗu a ɗigo ɗaya cikin talamus su ƙona shi. FDA ta amince da ita a 2016 bayan gwajin da Jeffrey Elias ya jagoranta a kan mutum 76, inda rawar hannu ta ragu da kashi 47 cikin 100 bayan wata uku. Babu waya, babu batir, babu zaryar saiti. A ƙarshen 2022 aka yarda a yi ɓangare na biyu, bayan aƙalla wata tara da yin na farko.

Amma kada kalmar "ba yanka" ta rufe ido: tsohuwar ƙunar nan ce da sabon kayan aiki. A wancan gwaji, fiye da kashi ɗaya cikin uku sun samu matsalar tafiya ko sagewar fata da farko, kuma bayan shekara guda kashi 9 na da matsalar tafiya, kashi 14 na da sagewar. Wanda illa ta zauna masa babu maɓallin da za a latsa. Wasu kuma yanayin ƙashin kansu ba ya barin sautin ya ratsa yadda ake so. Tsoho mai wasu cututtuka, ko wanda ke nesa da inda ake saiti, wannan hanya na iya fi masa. Mai sauran shekaru a gaba wanda hannu biyu da kai duk suke rawa, waya ta fi ba shi damar gyara in cuta ta sauya salo.

Akwai wanda bai dace a yi masa ba?

Mai ciwon mantuwa da ya yi nisa, mai tsananin baƙin ciki ko taɓin hankali da ba a shawo kansa ba, mai matsalar daskarewar jini ko wanda ba zai iya dakatar da maganin tsinka jini ba, da mai hawan jini da bai saitu ba. Shekaru kaɗai ba sa hanawa, ana yi wa waɗanda suka haura 75 in jiki da tunani na da ƙwari. Wanda da ma yana tangaɗi sosai, a yi masa taka-tsantsan.

'Ya'yana za su gada?

Wajen rabin masu cutar suna da wani a dangi mai ita. Babu ƙwayar gado guda ɗaya da ke bayyana yawancin masu ita, don haka babu gwajin jini da zai faɗa maka wane ɗa ne zai samu.

Yaya zama da na'urar yake, batir da tafiye-tafiye da sauransu?

Batirin da ba a caji yakan yi shekara 3 zuwa 5, gwargwadon ƙarfin saiti, sannan a canza akwatin da ɗan ƙaramin aiki a ƙirji ba tare da an taɓa kai ba. Mai caji yana kaiwa shekara 15, amma sai an riƙa ɗora masa caja a kan fata a kai a kai. Mai yawan mantuwa, ko wanda hannunsa ɗaya ke rawa sosai, ya yi tunani kafin ya zaɓe shi. Tun 2021 wasu na'urorin ana iya yi musu saiti daga nesa ta intanet, likita na kallon hannunka ta bidiyo.

Wanka, wayar salula, tuƙi bayan an warke, duk babu laifi. A filin jirgi ka nuna katin na'urar a bincike ka da hannu. Hoton MRI yana yiwuwa da yawancin sababbin na'urori, amma da sharuɗɗa, kuma sai an sa na'urar a yanayin da aka tanada don haka. Abin da aka haramta gaba ɗaya shi ne gashin tsoka da injin zafi mai ratsa jiki wanda wasu masu gashin ƙashi ke amfani da shi, domin yana iya zafafa bakin wayar ya ƙona ƙwaƙwalwa. Duk likitan da zai taɓa ka, har na haƙori, ka gaya masa kana da ita tun kafin ya fara.

In wata rana rawa ta dawo farat ɗaya, fara duba rimot, sau da yawa na'urar ce ta mutu ko batir ya yi ƙasa. In kuwa fatar da ke kan akwatin ko bayan kunne ta yi ja, ta kumbura, ko tana tsattsafo da ruwa, a ranar za ka kira asibitin da suka dasa maka.